Mai Jirgi Shi Ya San Inda Yake Yoyo



Mu marubuta mun saba da rabon dukiya a kan takarda. In muka so yaro a cikin labari sai mu ba shi Marsandi, mu gina masa bene a unguwar masu hali, mu tura shi Dubai saro kaya, duk ba tare da mun kashe komai ba sai tawadar biro. Amma da wuya ka ga mun ba tauraro jirgin ruwa, kuma ina ganin dalilin bai wuce cewa akasarinmu 'yan tudu ne ba, ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na famfo. To yau na ajiye ƙagaggen labari gefe, zan ba ku na gaske, labarin wani tsohon jirgi da ya shigo hannuna, da irin hidimar da ya ɗora mini, da abin da na fahimta a kan kalmar nan "nawa ne" da muke saurin furtawa.

Ni mutumin Yawuri ne. Mahaifiyata, Allah Ya ƙara mata lafiya, tana zaune a wata 'yar tunga a tsallaken ruwa inda aka haife ta, kuma duk lallashin da muka yi mata ta dawo Yelwa ta ƙi, wai ita ba ta iya barci in ba ta ji motsin ruwa ba. Jiragen fito suna da ranakunsu da lokutansu, yawanci ranar kasuwa. In tsohuwa ta kwana da zazzaɓi a ranar da ba ta kasuwa ba, sai dai ka yi shatar jirgi sukutum, wannan ma in ka samu mai zuwa. Wannan damuwa ita ta daɗe tana cin raina. A ƙarshen 2019, lokacin da kasuwar littafi ta riga ta ja baya, masu karatu sun koma kan waya, sai na dubi 'yan kuɗin da na tanada domin buga sabon littafi, na ga in na kai su maɗaba'a littattafan za su zauna a kwali suna shan ƙura. A daidai lokacin ne na ji labarin wani ɗan kwangila da ke da jirgi na sayarwa, wanda shi ma ya saye shi ne a gwanjon kayan wani aiki da aka daɗe da rufewa.

Jirgin alminiyum ne, ƙarfen nan mara nauyi da ake zubin tukwane da shi, wanda tsofaffi ke kira sanholo. Tsawonsa ƙafa 16. Na same shi a kife a bayan gida, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa, fentinsa duk ya koɗe. Injinsa kuwa yana jingine a cikin sito, ƙirar Yamaha mai ƙarfin doki 25, irin wanda ake ratayawa a bayan jirgi, ana gauraya masa fetur da baƙin mai. Irinsa ya cika Kogin Kwara, saboda haka kayan gyaransa ba sa wuya a bakin ruwa.

Ban je ni kaɗai ba. Na tafi da kawuna, wan mahaifiyata, Basarke ne da ya tsufa a kan ruwa, wanda in ya dubi sama da safe zai gaya maka irin iskar da za a yi da la'asar. Mai jirgi yana ta zuba yabo, wai alminiyum ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, har jikokina za su gada. Kawu bai tanka masa ba. Sai ya sa yara suka birkice jirgin, aka ɗora shi a kan bulo huɗu, ya ce a ɗebo ruwa a zuba a ciki.

Na ce, "Kawu, jirgi ake sa wa a ruwa, yau kuma ruwa za a sa a jirgi?"

Ya ce, "Ɗan nan, ƙofar da ruwa zai bi ya fita, ita zai bi ya shigo. Gara ka gan ta a tudu."

Aka zuba ruwa kamar taƙi guda, ba a cika ba domin kada nauyi ya lanƙwasa jirgin. Kawu ya kwanta a ƙasa da gawayi a hannu, duk inda ya ga ɗigo sai ya zagaye shi. Da ya tashi na ƙirga da'ira goma sha ɗaya. Daga nan ya koma allon baya inda ake rataya inji, wanda katako ne aka lulluɓe da ƙarfe, ya caka masa tsinken wuƙa, wuƙar ta shige kamar a cikin dafaffen rogo. Mai jirgi ya yi tsit. Da waɗannan da'irori da wannan katako aka yi ciniki, kuɗi ya sauko sosai, na biya.

Ranar da aka kawo shi abokai suka yi ta taya ni murna, wani har da kira na sarkin jirgi. Kawu shi kaɗai ne bai ce barka ba. Cewa ya yi, "Allah Ya ba ka ikon riƙewa." A lokacin na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai, sai daga baya na gane addu'ar da ta dace ke nan.

Wata guda cur jirgin bai taɓa ruwa ba. Irin waɗannan jirage faranti-faranti ne aka haɗa da ƙananan ƙusoshi masu kai biyu da ake dannewa, masu gyara suna ce musu ribit. Shekara da shekaru na dukan igiyar ruwa da girgizar inji su ke sa su saki. Gyaransu aikin mutum biyu ne: ɗaya ya tokare kan ƙusar da ƙatuwar guduma daga ciki, ɗaya ya riƙa bugawa a hankali daga waje har ta kama. Wadda ta ƙi kamawa a huda ta a cire, a sa sabuwa, ita ma ta alminiyum. Wani mai walda ya ce in kawo ya liƙe mini duka cikin awa ɗaya, Kawu ya hana. Dalili kuwa, alminiyum yana narkewa ne a zafi digiri 660, ƙasa ƙwarai da baƙin ƙarfe, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya narke, sai dai kawai ka ga rami. Waldarsa ta musamman ce, da iskar gas ta argon ake yi, sannan ko an samu gwani, zafin da aka sa a wuri ɗaya yakan sassauta ƙusoshin da ke maƙwabtaka da shi, ka toshe ƙofa ɗaya ka buɗe uku.

Allon baya kuwa kafinta ya yanko mana na maɗaci, muka shafe shi da fenti har sau uku kafin a mayar. Wannan allo shi ke ɗauke da inji mai nauyin kilo hamsin da 'yan kai, kuma a kansa duk ƙarfin tura jirgin yake sauka. In ya ruɓe, wata rana kana tsakiyar ruwa za ka waiwaya ka ga inji ya yi sallama da kai.

Sai maganar tsatsa. Gaskiya ne alminiyum ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma yana da tasa cutar, kuma matan gida sun fi kowa saninta. Duk macen da ta bar ruwan kanwa ya kwana a tukunyar alminiyum ta san yadda cikinta ke yin baƙi, daga baya ya yi tabo. To haka jirgi. Kanwa da toka da gishiri da takin zamani da ruwan batir duk abokan gabarsa ne, ga su kuma su ne kayan da mutanenmu ke ɗauka ranar kasuwa. Buhun taki ya jiƙe ya tsiyaya a ƙasan jirgi, ka bar shi, bayan 'yan watanni za ka ga wani farin gari kamar alli, in ka goge sai ka tarar da ƙananan ramuka kamar zanzana. Haka in aka bar guntuwar wayar tagulla ko ƙusar baƙin ƙarfe a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu cikin laima ɗaya yana cin ɗaya, kuma alminiyum ne ke shan kashi. Saboda haka na shimfiɗa katako da leda a inda ake ajiye kaya, kuma duk ranar da aka dawo sai an kwarfe ruwan, an wanke, an cire toshiyar baya ya tsane.

Wani abin da mai tsohon jirgi ya kamata ya leƙa shi ne ƙarƙashin kujeru. Masu ƙera shi sukan cusa soso mai tauri a wurin, domin ko jirgi ya cika da ruwa kada ya nutse gaba ɗaya, mutane su samu abin riƙewa. A nawa ɓeraye da kaji sun gama da shi. Muka tara robobin lemo da ƙananan jarkoki, muka rufe bakinsu tam, muka cusa har wurin ya cika. Ba abin ado ba ne, ba mai ganinsu, amma na fi alfahari da su a kan sabon fentin da kowa ke yabawa.

To mu zo kan inji, wanda shi ne rabin rai. Bakaniken da ya buɗe shi yaro ne matashi, amma hannunsa ya faɗa. Ya ce mini, "Yallaɓai, inji ya fi lalacewa a ajiye a kan a bakin aiki." Fetur ɗin da aka bari a kafireta ya bushe ya zama danƙo, sai da aka wanke ta tas. Fulogi biyu aka sauya. Sannan ya kwance ƙafar injin ya fito da wata 'yar roba mai fukafukai, ba ta fi tafin hannun jariri ba, duk ta bushe ta tsattsage. Wannan roba ita ce famfon da ke jawo ruwan kogi ya zagaya inji ya sanyaya shi. Shaidar tana aiki ita ce wani siririn ruwa da ke tsartuwa ta bayan inji, wanda masu jirgi ke kira fitsari. In ka tada inji ba ka ga fitsari ba, kashe shi nan take, domin 'yan mintoci kaɗan sun isa ya ƙone. Kuma haramun ne a tada shi a tudu ba ruwa, ko da na gwaji ne, domin robar takan ƙone tun kafin ka gama murmushi. Har yau in ina tuƙi, ba na minti biyar ban waiwaya na dubi wannan tsartuwa ba, ya zame mini kamar ƙiftawar ido.

Haɗin mai shi ma ba a yin sa da ka. Injina kashi hamsin na fetur yake so da kashi ɗaya na baƙin mai, wato rabin lita a tanki mai lita 25. In ka rage, cikin inji ya bushe ya cije. In ka zarce, ya yi ta hayaƙi, fulogi ya toshe. Na samu wata kwalba na yi mata alama, ba na yarda kowa ya zuba mini da ƙiyasi. Fetur ɗin bakin ruwa kuma sai an tace, domin sau da yawa akwai ruwa ko datti a gindin jarka. Akwai kuma man da ke cikin ƙafar inji, kusa da farfela. Lafiyayyensa garai yake kamar zuma. In ka kwance ka ga ya yi fari kamar kindirmo, to ruwa ya shiga, kuma yawanci zaren taru ko na mamari ne ya naɗe a bayan farfela ya yanka robar da ke tare ruwa. Kogin namu kuwa cike yake da tsofaffin taruna, saboda haka duk sati sai na cire farfela na duba.

Duk waɗannan kuɗi ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, kuɗin riƙo ya fi na saye ciwo domin shi ba ya ƙarewa. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Injina in na murɗe shi har ƙarshe yana shan wajen lita goma a awa. A nan na koyi sassauta hannu, domin in ka rage wuta kaɗan, gudun da za ka rasa bai taka kara ya karya ba, amma man da za ka tsira da shi mai yawa ne. Ga kuma tsaro. Inji ba ya kwana a bakin ruwa, a kafaɗa ake kai shi gida, shi kuwa jirgin sai da sarƙa da kwaɗo, domin abin da ni nake gani jirgi, ɗan gwangwan tukwane hamsin yake gani.

Sai ruwan kansa. Wanda bai sani ba zai ga tafki shimfiɗe kamar tabarma ya ɗauka ko'ina hanya ce. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har da tsohon garin Busa, aka tashi mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Itatuwan da ruwa ya rufe da yawansu suna nan tsaye a ƙasa har yau. In ruwa ya cika suna can ƙasa, in ya ja baya da bazara sai kututturansu su matso dab da sama, suna jiran cikin jirgi ko farfela. Wannan taswira ba a takarda take ba, a kan tsofaffi irin su Kawu take, kuma sai da na yi shekara guda ba na fita sai da shi ko ɗansa. Ga kainuwa da ke toshe ƙofar ruwan inji, ga dorina da ba a yi mata gatse, ga iskar farkon damina da ke tasowa ba sallama. Jirgin alminiyum ba shi da nauyi, abin da ke sa shi gudu da ɗan mai kaɗan shi ne kuma ke sa iska ta riƙa wasa da shi kamar ƙwarya. Mota in ta lalace sai ka gangara gefen titi ka nemi inuwa. A ruwa babu gefen titi. Shi ya sa filafili biyu, da abin kwarfar ruwa, da fulogi na ajiya, da tocila ba sa fita daga jirgina, kuma igiyar kashe inji kullum tana ɗaure a hannuna, ko da zan faɗa ruwa inji ya mutu, kada jirgi ya yi ta zagaye babu matuƙi.

Amma duk abin da na lissafa mai sauƙi ne a kan abu ɗaya, wato iya cewa a'a.

A jikin allon baya akwai wani ɗan ƙarfe da maƙera jirgin suka manna, an rubuta mutum shida. Na sayi rigunan ruwa shida. Ga wanda ya saba ganin jirgin katako ya ɗauki mutum tamanin da babura da awaki, wannan abin dariya ne. Kuma tun da aka ji ina da jirgi, na zama na kowa. Mai haihuwa, mai zuwa ta'aziyya, mai buhun shinkafa, duk ƙofata. Ban ƙi ba, domin don haka aka saya. Inda ake samun saɓani shi ne lissafi.

A 2022 aka yi bikin 'yar ƙanwar mahaifina, za a kai amarya tsallake. Da la'asar sakaliya na iso bakin ruwa na tarar da mata sun fi ashirin, ga akwatuna, ga katifa, ga buhunan gara, kowa ta ci ado tana jiran jirgin ɗan uwa. Na ce shida-shida zan ɗauka, kuma in rana ta faɗi na tsaya sai gobe. Gwaggo ta taso mini.

"Yanzu kai ɗan nan, ni za ka kunyata a gaban surukai? Jirgin wane da bai kai naka kyau ba mutum nawa yake ɗauka?"

Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri. Sawu huɗu zan yi, man kuma nawa ne."

Ta ce, "Boko ne ke ɗibar ka. Wanda kwanansa bai ƙare ba ruwa ba ya cin sa."

Na ce, "Haka ne Gwaggo. Amma ko raƙumi sai an ɗaure shi ake tawakkali."

Wasu suka ce rigar ruwa za ta ɓata musu ɗinki, wasu suka ce wulaƙanci ne don na ga ina da abin hannu. Sawu biyu na samu kafin magariba, sauran suka kwana, da safe na ƙarasa. Gwaggo ta yi wata uku ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, kuma har yau akwai waɗanda ke kira na mai jirgin ƙidaya. Abin ya yi mini zafi, domin mutum ba ya son a ce ya yi rowa da abin da Allah Ya ba shi, balle a wajen dangin uba.

Sai dai ni na san abin da su ba su sani ba. Na san ƙusoshi goma sha ɗaya da muka danne, na san wacce a ciki ta fara sake gumi. Na san tazarar da ke tsakanin bakin jirgina da ruwa in mutum shida suka zauna, na kuma san abin da zai rage in aka ƙara huɗu. Sannan dukanmu ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, 'yan kaɗan suka tsira. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka yi na Bagwai a jihar Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Duk lokacin da irin wannan ta faru sai mu yi kuka, mu ce ƙaddara, sati biyu a koma gidan jiya. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da jirgin da aka san yana yoyo aka ce a lallaɓa, waɗannan da hannunmu muke yin su, kuma akwai wanda za a tambaya a kansu ranar gobe. Ba na son in zama shi.

Kawu ya rasu bara, Allah Ya gafarta masa. Kafin rasuwarsa ya ga jirgin ya kai ƙanwarsa asibiti sau biyu, sau ɗaya da asuba ana kiran salla, kuma inji ya tashi a ja na biyu domin an duba shi tun jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kaɗai ya biya ni littafin da ban buga ba.

Saboda haka ɗan uwa, in wata rana ka ga tsohon jirgi a kife ana yi maka tayinsa da araha, ba zan ce kada ka saya ba. Alminiyum yana da haƙuri, in ka riƙe shi zai daɗe. Amma ka tafi da wanda ya san ruwa, ka zuba ruwa a ciki kafin ka zuba kuɗi, ka ware na gyara kafin na fenti, sannan ka tambayi zuciyarka ko za ka iya kallon gwaggonka ido cikin ido ka ce jirgi ya cika. In ba za ka iya ba, bar kaji su ci gaba da kwana a ƙarƙashinsa.

Allah Ya tsare matafiya na tudu da na ruwa, Ya sa mu sauka lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.